Kakan Kowa Jarumi Ne: Sharhi Kan Labarai Bakwai Na Shekarar Voulet

Ƴan uwa, a zaman da munka yi lokacin hutu ƙarƙashin rumfar masu albasa, nan mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Maraɗi, mun yi shawara kowa ya koma gida ya tambayi asalinsa, ya rubuto mana ƙagaggen labari kan abin da kakanninsa sunka gani shekarar da Nasara sunka shigo ƙasar Ƙonni. Labari bakwai sunka zo, har da nawa. Ni anka ɗora wa nauyin karanta su in yi sharhi kafin mu kashe kuɗin fotokofi, to ga shi, kuma wanda na taka ya yi haƙuri, don na taka kaina fiye da kowa.

Abu na farko da na lura da shi ya ba ni dariya, daga baya ya hana ni barci. A cikin labarai shida, kakan marubucin dogon mutum ne mai kwari da baka, mai layu a damtse, wanda harsashi ba ya kamawa. Ya tsaya bisa ganuwa, ya yi kirari, ya saki kibiya, Nasara ya faɗo daga doki. Na ɗauki bik na ƙirga: Nasara goma sha ɗaya kakanninmu sunka kashe cikin shafi arba'in. Faransawan da ke cikin rundunar nan kuwa ba su kai goma ba, kuma ko ɗaya bai mutu a Ƙonni ba. Wato mun kashe duk waɗanda Faransa ta aiko har mun ci bashi.

Abin da ya faru

Ga waɗanda darasin tarihi ya wuce su suna gyangyaɗi, ga abin a taƙaice. A 1898 gwamnatin Faransa ta ba kaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine aikin ratsawa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Su biyun nan ne sunka ci ƙasar Mosi, sunka shiga Wagadugu a 1896, don haka an san halinsu tun kafin a miƙa musu tuta. Uban Chanoine janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a cikin 1898 ɗin nan, kun ga shi ma asalinsa ya yi masa rana.

Rundunar ta bar bakin kogi a farkon 1899. Banda ƴan Turawan da ke ba da umurni, duk sauran baƙar fata ne: sojoji da yawancinsu Bambaranci suke ji, da tafintoci, da ɗaruruwan ƴan dako da anka kamo da ƙarfi, da matan da anka yi ta kwasa a hanya. Sun yi ɓarna a Sansane Hausa, sunka shiga ƙasar Arewa, sunka yi faɗa da mutanen Lugu a watan Afirilu, sunka iso Birnin Ƙonni a watan Mayu. Suna da bindigogi da igwa, mutanen gari suna da ganuwa da kibau. An ƙone garin, an yi kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni da Faransa ta yi a zamanin mulkin mallaka.

Labari ya kai Paris ta wasiƙar wani laftana mai suna Peteau da anka kora daga rundunar. Anka aiko kanal Klobb ya bi sawunsu, ya yi ta tarar da garuruwa a ƙone. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa anka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu da kansu sunka kashe Chanoine, sannan Voulet, kaburburansu na nan a Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Can Faransa kuwa sai anka ce zafin ranarmu ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, anka rufe zance, ƙasar da sunka ci kuma ba a mayar ba.

Ku dubi wanga labari da kyau. Hannun da ya harbi mutanen Ƙonni baƙi ne, hannun da ya kashe Voulet shi ma baƙi ne, wataƙila ma hannu ɗaya ne. Marubuci ba ya samun abu mai nauyi irin wanga kullum. Mu shida mun wuce shi ko waiwaye babu.

Inda munka samo jaruminmu

Ba daga bakin tsofaffi munka samo dogon mutumin nan mai layu ba. Daga lakol munka samo shi, kuma uwarsa Sarauniya ce.

Abdulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980, da Faransanci. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, anka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Daga nan sunan ya bi duniya, har gidan rediyo da talabijin ke ɗauke da shi a Yamai. Ba na cikin masu raina wanga littafi. Mamani ɗan Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku, kuma ya yi rubutu lokacin da ɗan lakol ya fi sanin sarakunan Faransa bisa mutanen da sunka tsaya wa Faransa a ƙofar gidansa. Takardun Faransawa ƴan layuka kaɗan sunka ba matar Lugu, suna kiranta tsohuwar matsafiya. Mamani ya ɗauki waɗanga layuka ya juye su, ya ba ta ƙuruciya, ya ba ta Dawa wanda ya raine ta ya koya mata yaƙi da sanin itatuwa, ya ba ta fada da mayaƙa da baki mai kaifi. Ya yi abin da ƙagaggen labari ke iya yi wanda littafin tarihi ba ya iyawa: ya sa yaro ya ji zuciyarsa ta buga.

Amma akwai abin da anka biya. A Lugu, Sarauniya sarauta ce ta addinin Azna da ake gada, mai riƙe da ita zaman ɗaki take, aikinta tsakanin mutane da iskoki ne. Mamani ya fito da ita fili ya mai da ita shugabar yaƙi, domin irin jarumar da ƙasa mai shekara ashirin da samun ƴancin kai ke buƙata ke nan. Ya san abin da yake yi, kuma ya yi shi da gwaninta. Matsalar tamu ce: mun ɗauki rigar da ya ɗinka wa mutum ɗaya don wata buƙata, muna sa wa kowane kaka, ko ta yi masa ko ba ta yi ba. Kuma wanga lokaci, tun da sojan Faransa sunka bar ƙasar a Disambar 2023, labarin da Nasara ke faɗowa daga doki ba ya rasa mai tafi. Tafin nan ne ya kamata mu ji tsoro, domin yana zuwa tun ba a karanta shafi na biyu ba.

Ku gwada wani abu a ajinku. Ku ce wa ya san Sarauniya Mangu, kowa zai ɗaga hannu. Sannan ku ce a faɗi sunan mutum ɗaya da ya mutu a Ƙonni a Mayun 1899. Mu da ke kilomita kaɗan da wurin, mu ya kamata mu cike wanga shiru, sai ga mu mun cika shi da maharba na ƙarya.

Asali abin tsoro ne

Me ya sa munka yi haka? Ina ganin ba rashin iya rubutu ba ne kaɗai. A ƙasarmu asali ba abin wasa ba ne. Da shi ake ba da aure, da shi ake hanawa. Da shi ake neman sarauta, da shi ake jayayyar gona. Wanda duk ya taɓa ganin an fasa baiko don wata tsohuwa ta yi raɗa a kunnen wata, ya san abin da nake nufi. Dokar da ta mai da bauta laifi a Nijar ta 2003 ce, jiya-jiya. Hadijatu Mani, wadda anka sayar tana da shekara 12, shari'arta ta biyo ta kotunan Ƙonni kafin kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya a Oktoban 2008. A wuri irin wanga, in ka ce wa yaro ya rubuta asalinsa, kamar ka ce ya tuɓe riga a kasuwa ne. Dole ya nemi rigar aro.

Shi ya sa duk salsalar da ke cikin labaranmu wuri uku take ƙarewa: ko gidan sarauta, ko wani malami da ya bi Shehu, ko wani da ya zo daga gabas. Babu jikan maƙeri, babu jikan bawa, babu jikan Azna, alhali muna yabon Sarauniyar Azna a shafi na gaba. An haifi Shehu Usmanu a Maratta kusa da Galmi a 1754, gaskiya ne, kuma abin alfahari ne ga ƙasar. Amma a 1804 jama'arsa sun yaƙi Matankari da Ƙonni. To waɗanda ke cikin ganuwa ran nan fa, duk ba su bar baya ba? Mu ne bayansu, ko da rabi.

Maroƙi ba ya ƙarya a ganinsa, aikinsa ne ya zaɓo abin da zai faranta maka rai ya jera, kai kuma ka sa hannu aljihu. Alex Haley, Baƙar fatan Amurka da ya rubuta Roots a 1976, ya je Gambiya wani mai ba da tarihi ya ba shi Kunta Kinte, daga baya masu bincike sunka nuna salsalar ba ta tsaya daidai ba. Littafin ya yi amfani duk da haka, amma darasin na nan: in ka je neman kakanka da hotonsa a zuciyarka, za a ba ka shi. Marubuci in ya zama maroƙin gidansu, gara ya bar wa masu kalangu, sun fi shi iyawa kuma su ana biyansu.

Wasu ma sun sha wagga wahala

Wata ƴar uwarmu da ke karatun Ingilishi a jami'ar Yamai ta kawo mana misalin da ya buɗe mini ido, bari in raba da ku. A gabashin Amurka akwai wata al'umma da ake kira Wampanoag. Su ne Ingilishin da sunka sauka daga jirgin ruwan Mayflower a 1620 sunka tarar. Shugabansu Massasoit ya ƙulla amana da baƙin a 1621. Bayan shekara hamsin da ƴan kai, gonaki sun tafi, amana ta lalace, anka yi yaƙi daga 1675 zuwa 1676 ƙarƙashin ɗansa Metacom. An kashe Metacom, anka kafa kansa bisa sanda a garin Plymouth, matarsa da ɗansa anka sayar da su bayi a ƙetaren teku. Wanda ya harbe shi ba Bature ba ne, ɗan ƙasa ne da ke yaƙi a gefen Ingilishi. Tafintan farko ma, Tisquantum, ya iya Ingilishi ne domin an taɓa sace shi an kai shi Turai. Ashe ko can akwai irin sojan Voulet da tafintocinsa.

Jikokin mutanen jirgin nan suna da ƙungiya tun 1897, kowa da takardar da ke nuna sunan kakansa har zuwa jirgi. Mai binciken asali a cikinsu yana samun rajistar coci da wasiyya da takardar sayen gona, ya ga sunan kakansa a matsayin mai saye, ya ji sha'awar rubuta labari. Ɗaya gefen kuwa, yawancin abin da ke rubuce game da su abokin gaba ne ya rubuta. Sai labari ya karkata inda takarda ta fi yawa, ko da marubucin na da kyakkyawar niyya. Geraldine Brooks ta rubuta Caleb's Crossing a 2011 kan wani saurayi Bawampanoag mai suna Caleb, wanda ya gama Harvard a 1665 ya rasu shekara ɗaya bayan haka. Mutum ne na gaske. Amma mai ba da labarin yarinya ce Baturiya, ɗiyar mai wa'azi, wadda marubuciyar ta ƙago. Ana iya cewa kunya ce ta hana ta shiga bakin da ba nata ba, kuma akwai mutunci cikin haka. Sakamakon dai shi ne sunansa ke bisa bango, ita muke ji.

Mu ma ramin na gabanmu. Takardun 1899 suna Faransa, kuma Voulet ne a tsakiyarsu. Wanda ya bi takarda kaɗai zai ƙare da labarin wani kaftin da ya haukace, mutanen Ƙonni su zama hayaƙi a bayansa. Haka Faransawa sunka yi ta yi, daga littafin Jacques-Francis Rolland na 1976 zuwa fim ɗin Serge Moati. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, inda Femi Nylander ya bi hanyar rundunar, ya fi su da abu ɗaya: ya miƙa wa mutanen garuruwan abin magana, kuma da sunka buɗe baki sai ga rijiyoyi da ramukan da anka zuba gawa da sunayen kakanni. Abin da muke da shi wanda Paris ba ta da shi ke nan, bakin tsofaffinmu. In munka je gare su munka dawo da kirari kaɗai, mun yi asarar abin da ya fi takarda.

Labari na bakwai

Guda ɗaya ya fita daban, wata ƴar uwa daga wajen Malbaza ta rubuto shi. Kakanta a labarin ba ya da kibiya. Makiyayi ne da sojoji sunka kama sunka ɗaura masa igiya a wuya, sunka ce ya kai su ruwa. Ya san rijiya biyu: ta ƙauyensu, da ta ƙauyen da yayarsa ke aure. Ya san abin da ke samun ƙauyen da rundunar ta kwana. Ya san abin da ake yi wa ɗan jagoran da ya ɓatar da hanya. Shafi huɗu yana tafe gaban doki yana lissafi, kuma ni mai karatu ban san inda zai karkata ba sai da ya karkata.

Wanga labari ya yi aiki domin marubuciyar ta fahimci yadda abin ya gudana. Watan Mayu bazara ce. Rijiyoyi sun ja baya, rumbuna sun kusa ƙarewa, iri kaɗai anka ɓoye ana jiran ruwan shuka. Sai ga mutum fiye da dubu da dabbobinsu, kowa na son ruwa da hatsi yau-yau. Ƙauyen da ya ba su ya mutu da yunwa, wanda ya hana a ƙone shi. Daga nan kowane zaɓi ke fitowa, kuma cikin zaɓin ake ganin mutum. Inda ta gaza shi ne ƙarshe: ta kawo mafarki, yayar ta zo cikin fararen kaya ta ce ta yafe. Ƴar uwa, cire wanga shafi. Ba ke ke da ikon yafewa a madadin matar nan ba, kuma mai karatu ya fi jin nauyin abin in kin bar shi da shi.

Sauran shidan, ga ƙananan kurakurai da ya kamata a gyara ko da ba a taɓa jarumin ba. A labari na biyu kaka ya ɗaga takobi ya ce zai mutu saboda Nijar. Wace Nijar? Sai daga baya anka yi wa ƙasar wanga suna a matsayin mallakar Faransa. A 1899 Ƙonni Sakkwato take kallo, kuma bisa yarjejeniyar da Ingila da Faransa sunka yi a 1898, wadda ta zana da'irar mil ɗari kewaye da Sakkwato, garin a rabon Ingilishi ma yake, sai gyaran 1904 ya mai da shi hannun Faransa. Mutumin zai iya mutuwa don garinsa, ko sarkinsa, ko addininsa, ko ɗiyansa. A labari na huɗu an biya maroƙi da dala, alhali wuri ake kashewa. A na biyar ana dafa shayi a ƙofar gida kamar fadar samarin yanzu. Kuma kusan duka, in jarumi ya buɗe baki sai ka ji kamar sanarwar rediyo. Ku saurari yadda tsoho ke magana in abu ya yi tsanani: gajere yake yi, wani lokaci ma shiru.

Nawa

Wanzami ba ya son jarfa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Labari na uku nawa ne, kuma Nasara biyu daga cikin goma sha ɗayan nan ni na kashe su. Ban tambayi kowa ba kafin in rubuta. Na ji ana cewa kakan kakata ya ga shekarar, sai na ba shi kwari da baka. Da na gama sai na je in karanta wa kakata, ina jiran ta sa mini albarka. Tana tsinkar zogale tana saurare. Ban kai rabi ba ta aje tire ta yi dariya har da hawaye.

"Kai maigidana, wa ya ba ka wanga labari? Shi baka? Ina yag ga baka? Manomi na. Gudu yay yi."

Na ce, "Kaka, gudu fa kinka ce?"

"Awo, gudu. Yat tahi daji da shanu nai da ɗiya maza, shina zaton yarinyar na ɗakin kishiyar uwatta. Ita ko tana bakin rijiya. Nan anka ɗauke ta."

Yarinyar nan ita ce kakar kakata, wadda ta goye ta, ta yi mata kitso, ta kwana ɗaki ɗaya da ita har ta yi wayo. Tsakanina da Mayun 1899 baki biyu ne kacal, kuma ɗayan yana zaune gabana yana tsinkar zogale, ni kuwa na tafi aron jarumi a littafi. An tafi da yarinyar gabas cikin matan da ke yi wa sojoji daka. Ta dawo bayan damina, ita kaɗai, da tabon igiya a wuyan hannu. Ubanta bai ƙara iya kallon idonta ba har ya mutu, in tana tsakar gida sai ya fita. Ita kuma duk lokacin da anka busa begila a barikin Ƙonni sai ta toshe kunne, ko da ta tsufa.

Sannan kakata ta yi wani abu da ya sa tsigar jikina ta tashi. Ta kama yatsuna kamar yadda take yi mana muna ƙanana, tana lanƙwasa su ɗaya-ɗaya tana cewa kelen, fila, saba, nani, duru. Duk gidanmu mun san wanga wasa, mun ɗauka surutun yara ne marar ma'ana. Ta ce kakarta ce ta koya mata, da shi ake ƙirga musu awon hatsin da za su daka. Kwana kaɗan bayan haka ina tsaye wajen masu lodin albasa, sai na ji wani direban babbar mota baƙo yana ƙirga buhuna da kalmomin nan. Na tambaye shi, ya ce Bambaranci ne, ɗaya zuwa biyar. Shekara ɗari da ashirin da wani abu harshen sojan Voulet na cikin gidanmu, muna wasa da shi a yatsun jarirai.

Akwai sauran labarin. Na tambaye ta ko in rubuta, ta ce wanga yanki in faɗi, sauran in bari sai ƙasa ta rufe mata ido, kuma ko sannan in sauya sunan ƙauye da na gida, don akwai ƴan mata a dangi da ba su yi aure ba. Na karɓa. Da farko na ji kamar an ɗaure mini hannu, yanzu na gane nan ne ƙagaggen labari ya fi tarihi amfani gare mu. Kana iya sauya suna da gari da kamanni, ka kare masu rai, abin da ya faru kuma ya tsaya yadda yake. Mu mun yi akasin haka: mun bar sunayen gidajenmu na gaskiya don a yabe mu, munka sauya abin da ya faru.

Ban ce kada a ƙaga ba. Babu wanda ya san abin da yarinyar nan ta ce wa sojan da ke miƙo mata hatsi, ko abin da shi ya tuna da ya gan ta, shi da wataƙila an kamo shi daga wani ƙauye da anka ƙone kamar nata. Wanga dole a ƙaga shi, kuma nan ne aikin yake. Iyaka dai abin da ka ƙaga ya zauna cikin abin da zai yiwu a wannan wata, a wannan ƙasa, ga mutum mai wannan ƙarfi. Kuma in akwai mai kwari da baka na gaske a gidanku, don an yi su, kuma sun mutu bisa ganuwa, rubuta shi da tsoronsa da ƙishirwarsa da abin da ya bari a gida. Ya fi ƙarfin a mai da shi ɗan wasan fim.

Shawarata ga zama mai zuwa: labari na bakwai ya shiga wanga fitowa in an cire mafarkin. Sauran shida, har da nawa, mu janye su zuwa bayan girbi. Kafin nan kowa ya ɗauki kaye ko salula ya je wajen tsohuwar gidansu, tsohuwa na ce, don maza sun fi son kirari. Kada ka tambaye ta wa ya yi yaƙi. Tambaye ta ina anka ɓoye iri, wa ya ɓace, wa ya dawo, wace rijiya ce ba a sha, me ya sa ba a aure da gidan su wane. Ka je da goro, ka zauna ƙasa, kada ka katse ta, kuma kafin ka tashi ka tambaye ta abin da ta yarda a rubuta. Waɗanda sunka ji daga bakin waɗanda sunka gani saura kaɗan, kowace shekara ana rage su.

Allah ya jiƙan mutanen Ƙonni da na Lugu da na duk garuruwan da ke kan wannan hanya, da ƴan dakon da sunka mutu nesa da gida ba wanda ya san sunansu.